Muryar da Ke Cikin Lasifikar Matan Fada

Jama'ata, barkanku da hutawa! Ku ajiye gardamar ƙwallo, yau labarin kawuna Kalilu zan ba ku, na zamanin da Argungu ke ƙarƙashin Jihar Sakkwato, lokacin da kifi yake kifi, ba 'yan firit ɗin da kuke soyawa kuna ɗaukar hoto ba.

Kofur Kalilu, mutumin Ambursa, yana tsaye bakin kogin Matan Fada da bindiga a kafaɗa, an turo su gadin bikin kamun kifi. Bai daɗe da dawowa daga aikin raba faɗa a Chadi ba. Masunta sun yi sahu da homa, wato ragar kamun kifi, da gora, ganguna na tashi, ƙamshin gasasshen kifi kaɗai ya isa mutum ya ƙoshi.

Sai lasifika ta ce, "Masunta, a ja baya! Giwan ruwa ba ta da mota, tana nan tana jiran ku!"

Kowa ya yi dariya ban da Kalilu. Ya san muryar nan. Ita ce ta rediyon 'yan tawayen Chadi, wadda ke tsokanar su da Hausa kullum la'asar: "Sojan Nijeriya, shinkafa ta nuna a Zauro, ku koma gida!" Sannan ta sa musu goge, su yi tsit suna kewar iyayensu. Ita ce kuma ta faɗi hanyar da motarsu za ta bi, ranar da aka kashe amininsa Arzika. Kyaftin ɗinsu ya rantse tun a Chadi cewa bakin mutumin nan ya fi bindiga, duk wanda ya gan shi ya harbe. Ga kyaftin ɗin can rumfar manya yana shan lemo.

Kalilu ya hau dakalin sanarwa. Ashe mai muryar wani ɗan tsamurmuri ne, wai shi Tamba, yana shan rake.

"Kai, mai shinkafar Zauro," in ji Kalilu.

Raken ya faɗi. "Ranka shi daɗe, ni ɗan jarida ne. Labari nit tahi nema, 'yan tawaye sunka riƙe ni. Ban taɓa riƙa bindiga ba."

"To wa yah hwaɗi hanyar motarmu?"

"Takarda aka miƙo min, in karanta. In na ƙiya, ni za a harbe." Ya ƙara da cewa, "Amma gogen nan, wallahi ba wanda yas sa ni. Ni ma gida nika so."

Kalilu ya dubi rumfar manya. Ɗaga hannu kawai zai yi, Tamba ya kwana a bariki, kuma Allah kaɗai ya san ko zai fito. Ya dubi ɗan wuyan nan kamar na zakara.

Sai Kalilu ya ce, "Tunda karatu ka iya, karanta wanga. Arzika ɗan Zauro, masunci ne kahin shi shiga soja. Ko gawatai ba a kawo gida ba."

Tamba ya kama makirufo. Muryar da ta saba wasa ta dushe. Ya faɗi sunan, ya faɗi garin, ya roƙi Fatiha. Ganguna suka tsaya. Dubban masunta suka ajiye homa suka ɗaga hannu, har da waɗanda ba su taɓa jin sunan Arzika ba.

Da Kalilu ya sauko, kyaftin ya yafito shi.

"Kofur, wane ne mai sanarwar can? Kamar na san muryar."

Kawuna ya ƙame, ya sara masa.

"Ɗan Argungu ne, yallaɓai. Duk haka muke magana."

To, masu saurin yanke hukunci a waya, da ku ne da bindigar a kafaɗa, me za ku ce wa kyaftin?