Kwallin Rami

Ranar Laraba ce, an wuni ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ramin zinariya ya cika, injin niƙa ya ƙi tashi, sai Cinnaka ya saɓo rabin buhun dutse ya nufo gida. Abokan haƙa ne suka laƙaba masa sunan, don duk ƙuncin rami sai ya shige.

Ya zube duwatsun a rumfa, ya ce da matarsa, "Maman Auta, ara mini turminki."

"Turmin da nake dakan abinci? Lafiyarka kuwa?"

"Na yau kawai. Zinariya na fitowa zan sayo miki sabo."

"Haka ka ce da gado, ga mu nan a tabarma."

Tana tsaki tana tsintar duwatsun, sai hannunta ya tsaya kan wani. Ruwan toka ne, ga nauyi, ga ƙyalli. Ta ce, "Laa! Wannan ai kwalli ne! Muna saye a kasuwa, kai kana can kana tattaka shi?"

Nan take ta niƙe shi, ta rambaɗa wa Auta, 'yarsu ɗaya tilo, wadda ba ta daɗe da fara gudu ba. Cinnaka ya ɗaga yarinyar sama yana dariya. "Kai, uwata ta yi kyau!"

Dakan yini ɗaya ya zama na damina guda. Garin dutse ya kwanta a tabarma, a murfin randa, a tafin hannun Auta, ita kuwa komai ta taɓa sai baki. Kullum da safe a sa mata kwalli. Maƙwabta ma an ɗibar musu.

Auta ta fara ƙin abinci. Gudu ya koma rarrafe. Wata rana da hantsi ta sandare, idanunta suka kafe. Kakarta ta ce iskokin rami ne suka biyo dutsensu, aka yi ta hayaƙi. Da abin ya ƙi, suka tafi asibiti.

Likita ta auna jinin yarinyar, sannan ta sa Cinnaka ya kawo dutsen. Ta juya shi a hannu.

"Malam, ƙasa ba ta ajiye kayanta daban-daban. Zinariyar da kake nema ɗigo-ɗigo ce a cikin dutse, tana da maƙwabta. Wannan mai ƙyallin dalma ce haɗe da farar wuta. Dalma guba ce, ita ce a jinin 'yarka."

"Amma ai kwalli ne, Likita. Iyayenmu ma sun sa."

"Sun sa. Ba su daka buhu-buhu a inda yara ke wasa ba."

Auta ba ta dawo gida ba.

Ma'aikatan lafiya suka zo da takunkumi a fuska, suka kankare ƙasar tsakar gidan, suka zuba sabuwa, suka ce an gama. Cinnaka dai bai yarda ba. Da rana tsaka, in ya zauna a rumfa, sai ya ga ƙyalli a tsagar bango, a ƙasan farcensa, a gefen idon 'ya'yan maƙwabta. Ya share, ya wanke, ya kuma sharewa. Wani lokaci yakan ji daka daga bayan ɗaki, a hankali, kamar ƙaramin hannu ke riƙe da taɓaryar. In ya leƙa, sai igiyar shanya.

"Kin ji?" yakan tambayi matarsa.

"Ban ji komai ba," take cewa, amma ba ta ƙara bi ta bayan ɗakin ba.

Abin da aka rasa a layinsu a daminar nan: agwagi duka, rijiya ɗaya da aka rufe, cikin wata biyar na matar tela, da yara uku. Auta ce ƙaramarsu.