Kabarin Tiki

Mbuya Chenesai ta tarar da wasu mutane suna kafa allo a kan kabarin ubanta. Ta ajiye tsintsiyar da take share wurin da ita, ta ƙura ido. Ba ta karanta Turanci, amma hoton kare ba ya buƙatar tafinta.

A filin nan da ke wajen garin Gweru Turawan Ingila suka koyi tuƙin jirgi lokacin yaƙin duniya na biyu. Yau ba abin da ke tashi a cikinsa sai hankaki, daɓen rumfar jiragen kuwa mata ke shanya masara a kai. Shekara tamanin ba wanda ya waiwaye shi. Da jin jikokin matuƙan za su kawo ziyara, sai ga kwamitin tarihi ya tsiro cikin mako guda, har da shugaba, Mista Mudzingwa, wanda iyakar saninsa da tarihi ita ce kwat ɗin da ya aro.

"Ɗan nan, me kuka rubuta?" ta tambaye shi.

"Tiki, amintaccen karen matuƙa. Ga sunan a jikin dutsen kabarin, Mbuya. Ya yi miki kama da na mutum?"

"Sunansa Mandishona. Bakin Turawan ne ya kasa faɗa, suka laƙaba masa Tiki. Shi ya yi dakon duwatsun filin nan, shi ya dafa musu abinci. Ina goye a bayan uwata tankin mai ya kama da wuta ya cinye shi. Cire allon nan."

Mudzingwa ya duba agogo. "An riga an buga, baƙi na hanya. Su Turawa kare suke so. Kada ki ɓata mana taro."

Motar baƙin ta iso. Wata dattijuwar Baturiya ta tsaya gaban allon, ta ajiye furanni, hawaye shaɓe-shaɓe. Abin ya ƙona ran Mbuya. Tun rasuwar uwarta ba wanda ya yi kuka a wurin nan sai yau da aka ce kare ne.

Baturiyar ta dube ta, ta yi magana.

"Wai ko kin san shi?" in ji Mudzingwa.

"Gaya mata shi ya haife ni."

Ya juya ya zuba Turanci yana washe baki. Baƙin suka dafe ƙirji, wani har da ɗaukar ta hoto.

"Me ka ce musu?"

"Na ce kullum ke kike share masa kabari. Ai ban yi ƙarya ba."

Mbuya ta sunkuya ta ɗauki tsintsiyarta. Furannin ta fara sharewa.