Lallen Hannu Ɗaya

Ruwan goge-goge aka sheƙa wa Awadiyya daga bene na uku, da rana tsaka, tana wucewa a wani lungu na Ard al-Liwa da jakar lallenta. Ta ɗaga kai, sai ga mata ta leƙo da bokiti a hannu tana cewa da Larabci, "Wanka na yi miki, ko kya yi fari!" Maƙwabta suka kwashe da dariya.

Awadiyya Bahaushiyar Sudan ce, watanta biyar a Alƙahira, kuma da zanen lallen amare take ci. Ba ta iya faɗa ba, amma wallahi akwai ta da riƙo.

Bayan sati uku, sai ga matar nan a ƙofarta. Madam Nagat sunanta, za ta aurar da 'yarta Shaima, an ce mata babu mai hannu irin na Awadiyya. Kuma ba ta gane ta ba! Wannan ya fi ruwan ciwo. Wato duk baƙar fata ɗaya ce a idonta.

"Tamam, zan zo," in ji Awadiyya.

Ranar ta fara zuwa taron da ta daɗe tana jin labarinsa. Ƙungiya ce ta 'yan unguwa masu yaƙi da wariyar launin fata, 'yan Sudan da Habasha da Najeriya, har da Misirawa biyu. Mai jagorancin mata ita ce Mardiya, 'yar Zariya, shekararta tara a garin. Da aka ce baƙuwa ta gabatar da kanta, Awadiyya ko sunanta ba ta faɗa ba, sai labarin ruwan da na bikin ta zayyana.

"Dayis zan cika a lallen," ta ce. "Sai hannun amaryar ya saluɓe."

Mardiya ta juya harshe zuwa Hausa.

"Ke ƙanwata, kina da hankali kuwa? Ki ƙona 'yar mutane, gobe a bi mu gida-gida? Uwar ce ta yi miki."

"To Yaya, haƙuri za ki ba ni? Na ƙoshi da ma'alish."

"Wa ya ce miki haƙuri muke rabawa a nan? Zauna ki ji."

Kafin la'asar an buga wa duk mai lallen da ke unguwar waya, cewa in Madam Nagat ta kira kada kowa ya je. Sharaɗin Mardiya ɗaya ne: in matar ta ba da haƙuri a gaban jama'a, a ƙarasa aiki. Awadiyya ta amsa da baki kawai.

Ranar lalle ta iso da mata huɗu na ƙungiyar, har da Mardiya, a matsayin 'yan taya aiki. Falo ya cika maƙil, kiɗa na tashi, ga dangin ango a jere. Ta kama hannun daman Shaima ta zuba masa zane tun daga yatsu har gwiwar hannu, zanen da ita kanta ba ta taɓa yin irinsa ba. Mata suka yi ta guɗa. Sai da ya kama ya yi baƙi wuluk, sannan ta ajiye kayan aiki ta naɗe hannu.

"Yalla, saura na hagu," in ji Madam Nagat.

"Ni ce kika yi wa wanka."

Aka kashe kiɗa. Mardiya ta miƙe ta zayyana abin da ya faru, da Larabcin da ya fi na masu gidan tsafta. Madam Nagat ta yi borin kunya, ta rarumi waya. Mai lalle ta farko ta ce ba ta da lafiya, ta biyu ta ce tana can kasuwar Ataba, ta uku ta kashe wayar. Ga ɗaurin aure gobe, ga lallen da sai ya yi sati biyu kafin ya goge.

Uwar ango ta ce, "Nagat, da gaske ne?"

Daɗi ya kama Awadiyya har cikin ƙashi, kuma ba ta ji kunyar jin daɗin ba.

"Ki yi haƙuri," Madam Nagat ta ce can ƙasa-ƙasa.

"Ban ji ba."

Ta maimaita da ƙarfi, fuska kamar an watsa mata barkono. Mardiya ta yi wa Awadiyya alama da ido cewa khalas, shi ke nan, a ƙarasa. Awadiyya ta jawo hannun hagun kenan, amarya ta ja tsaki.

"Duk wannan a kan ɗan ruwa? Ruwa ne fa kawai."

Awadiyya ta saki hannun. Ta fara mayar da kayanta jaka ɗaya bayan ɗaya.

"Ƙanwata, mun yi alkawari," Mardiya ta ce da Hausa. "In kika fita, kin fita da sunan ƙungiya."

"Na sani, Yaya. Ki yafe mini."

Ta rataya jaka, ta dubi amaryar da ta fara kuka.

"Kar ki damu," ta ce mata. "Wannan ma lalle ne kawai."