Dutsen Kabarin Arvil

Tun da aka binne Arvil a watan Janairu, Glenna Caudill ta kasa zama wuri ɗaya. In ta zuba kofi, kafin ya huce ta miƙe ta hau sharar ɗakin da ta riga ta share. In ta fita lambu, sai ta tsinci kanta a tsaye da fartanya a hannu tana kallon saman tudu.

Can saman tudun ne makabartar dangin Caudill take. Ranar jana'iza maza shida ne suka hau da akwatin a kafaɗa, domin ruwa ya yanka hanyar. Har yanzu ba abin da ke kan kabarin sai ɗan allon kwano da masu jana'iza suka kafa, ruwan sama kuma ya fara cin sunan. Ga shi Lahadi mai zuwa ce Lahadin gyaran kaburbura, ranar da dangi ke dawowa daga Ohio da Indiyana, su nome ciyawa, su jera furanni, su shimfiɗa abinci a ƙarƙashin itatuwa. Kowane mamaci a tudun nan yana da dutsensa. Glenna ta rantse ba za a zo a tarar da mijinta da guntun kwano ba.

Dutsen ya iso tun makon jiya. Irin na mata da miji ne, mai faɗi: sunan Arvil a gefe ɗaya da ranar haihuwa da ta rasuwa, nata a ɗaya gefen da ranar haihuwa kawai, an bar wajen ɗayar a shafe. Masu kawowa suka dubi hanyar tudu, suka dubi juna, suka sauke shi a tsakar gida suka yi gaba.

Ranar Laraba ita da Doyle, ƙanen Arvil, suka zame dutsen a kan katakai har cikin ƙaramar tirela, ta ɗaura ta a bayan babur mai ƙafa huɗu na marigayin. Ta hau lafiya har inda ruwa ya yanka hanya a karkace. Nan ƙafar gaba ta hagu ta faɗa rami, ta dama ta ɗaga sama tana juyawa a iska kamar fanka, na baya suna ta tono laka. Sau uku tana ja da baya tana sake gwadawa. A na huɗu ta kashe injin ta zagi babur ɗin da wata kalmar da ba ta taɓa faɗa ba a gaban Arvil.

"Kai, matar yaya!" in ji Doyle, yana dafe da itace yana haki. Shi ma ƙurar ramin kwal ta ci masa huhu kamar yadda ta ci wa wansa. "A coci aka koya miki wannan?"

"Rufe min baki. Ba cewa aka yi ƙafa huɗu ke ja ba?"

"A takarda. Akwai wata tukunyar giyar inji tsakanin ƙafafun gaba, halinta irin na malalaci ne. Ƙafar da ba ta da aiki, ita take tura wa ƙarfi. Wadda ke ƙasa kuwa ko oho."

"Halinku ɗaya ke nan."

"Sai an sa mata makulli, ya ɗaure ƙafafun biyu su juya tare ko suna so ko ba sa so. Ai Yaya ya saya. Tun kaka. Yana gareji."

Ta san kwalin. Kullum tana wuce shi a kan kantar gareji, kusa da hular aikin mijinta, ba ta taɓa ɗaga murfin ba. Arvil ya yi ta cewa zai ɗaura in numfashinsa ya dawo.

Washegari tun da safe ta buɗe gareji. Kafin Doyle ya iso ta ɗaga gaban babur ɗin da jak, ta tokare shi da kututture, ta kwance tayoyin biyu.

"Kin bar min abin yi kuwa?"

"Na bar maka surutu. Zauna can ka riƙa faɗa."

Ba wasa take ba. Hannun Doyle rawa yake yi yanzu, ba ya riƙe ƙaramin noti. Ya zauna a kan bokiti da takardar bayanin a gwiwarsa, tabarau a kan hanci, yana karantowa. Ta tsiyaye tsohon man giya a kasko, baƙi wuluk mai wari. Ta zare sandunan aksul masu juya tayoyin. Na hagu ya ƙi fita har sai da ta sa ƙarfe ta banƙare shi, ta kuma ɓare fata a bayan yatsu biyu. Ta tsotse jinin ta ci gaba.

Da ta ɗora tukunyar giyar a kan benci ta buɗe, sai ga ƙananan giyoyi da wasu zobba sirara kamar ganyen albasa.

"Waɗannan zobban, yadda suka fito haka za su koma," in ji Doyle. "Kika rikita su, mun shiga uku."

Ta shiga kicin ta dawo da farantin gasa burodin masara mai ramuka goma sha biyu. Duk abin da ta cire sai ta sa shi a raminsa, daga hagu zuwa dama.

"Shi ke nan, ranar Lahadi za mu ci burodi mai man giya."

"Kai dai ko taya aka soya maka ci za ka yi."

Wajen azahar ta kawo wake da albasa, ta ajiye masa, ita kuwa a tsaye ta ci nata cokali uku ta koma benci. Makullin ya ƙi zama daidai. Ta cire, ta mayar, ta cire. Ta fita ta zaga gareji sau biyu, ta kwashe shanyar da ba ta gama bushewa ba, ta dawo. Ashe wani ɗan sifirin ne ta sa a juye. Da ta gyara shi, abin ya shige da ɗan sauti, ƙas.

Ba su gama ba sai Juma'a da hantsi: suka mayar da tukunyar da sandunan da tayoyin, suka zuba sabon mai, suka ja waya daga ƙasa har kan hannun babur inda aka ɗaure ɗan maɗauki ja na kullewa da buɗewa. Tun gaban babur ɗin yana sama Doyle ya ce ta danna maɗaukin ta juya taya ɗaya da hannu. Ta juya. Ta ɗaya gefen ta bi ta kamar an ɗaure su da igiya.

"To saurara, matar yaya. In kin kulle, miƙe kawai ya sani, kamar alfadarin da ya hango gida. Ki kulle kafin rami, ki buɗe kafin kwana. Me na ce?"

"Na ji."

"Ban ce kin ji ba. Me na ce?"

Amma ta riga ta tafi ɗauko buhunan siminti biyu na kafa dutsen. Suka ɗaure su a kan abin ɗaukar kaya na gaba don su danne kan babur ɗin.

Doyle ya biyo ta a ƙafa, yana tafiya yana tsayawa. Da ta iso gaban ramin ta tsaya, ta danna jan maɗaukin, ta ba da wuta a hankali. Ƙafar hagu ta faɗa, ta dama ta ɗaga sama kamar ranar Laraba. Sai dai yau ta hagun ta cafki dutse ta ja. Babur ɗin ya yi gurnani, ya karkace, ya fito. Tirelar ta yi tsalle ta biyo.

Glenna ta ji wani ihu ya fito daga bakinta. Ta ƙara wuta. Idonta ya cika da ruwa, ga shingen makabarta can sama tana hangensa tsakanin itatuwa, kuma ba abin da ke kanta sai ta isa.

Taku talatin gaba hanyar ta yi kwana mai kaifi zuwa hagu. Ta murɗa hannun babur, ya yi tauri kamar an zuba masa siminti. Ta sa ƙarfinta duka, tayoyin suka ɗan karkata, amma babur ɗin miƙewa kawai yake, nauyin dutsen kuma yana tura shi ta baya. Ta matse birki hannu da ƙafa. Ya tsaya. Tayar gaba ta dama tana bakin gaɓa, ƙananan duwatsu suna gangarawa ƙasa, tana jin su har sun daina sauti.

Ta fizgi maɗaukin don ta buɗe. Ya ƙi motsi.

"Glenna!" Bai taɓa kiran sunanta haka ba. Yana can ƙasa, ya durƙusa da hannu ɗaya a ƙasa. "Sauko! Bar shi!"

"Ya ƙi buɗewa!"

"Na ce ki sauko! Dutse ne, ana sassaƙa wani!"

"Ba kafin Lahadi ba. Faɗa min abin yi."

Ya daɗe yana tari kafin ya samu magana. "Haƙoran ne suka cije da nauyi. Sa giyar baya. Taƙi ɗaya na hannu, kar ki wuce. Kina ja kina taɓa maɗaukin."

Ta sa giyar baya. Ta saki birki kaɗan, babur ɗin ya ja baya, tirelar ta fara karkacewa, sai ta ji ƙas a ƙarƙashinta, maɗaukin ya dawo da kansa. Hannun babur ya yi laushi. Ta murɗa shi hagu har ƙarshe, ta shiga kwanar kamar mai tafiya a kan ƙwai, ta fita.

A saman tudu ta kai tirelar da baya har kan kabarin. Ba ta jira Doyle ba. Ta cire allon kwanon, ta share wurin da shebur, ta jera katakai, ta zame dutsen a hankali har ya sauka ya jingina da tirela, fuskarsa tana duban gabas kamar na sauran. Ta goge laka daga sunan Arvil da gefen rigarta.

Sai da rana ta karkata Doyle ya iso. Ya riƙe shinge ya daɗe yana kallon dutsen, sannan ya nuna wurin da aka bari a shafe a ƙarƙashin sunanta.

"Saura ƙiris yau mu kira mai sassaƙa ya cike nan."

"Da ka huta da ni."

"Da wa zai kwaɓa simintin?" Ya share ido da bayan hannu. "Gobe ne kafawa. Yau na gama."

Glenna ta dubi buhunan, ta dubi shebur, hannunta har ya kai kansa. Sai ta sake shi. Ta zauna a ciyawa ta gefen da sunanta yake, ta miƙe ƙafafu, allon kwanon yana kan cinyarta. Doyle ya jira ta miƙe kamar yadda ta saba. Da ya ga ba ta da niyya, shi ma ya nemi wuri ya zauna.