Rigar Liman da Tsohuwar Kwamfuta

Kwamfutar Mamata ba ta tashi mutuwa ba sai a makon naɗin sabon limamin Zongo, kamar da gayya. A cikinta zanen surfanin marigayi mijinta Kassoum yake, kuma ita ke ba injin ɗinki umarni. Ga babbar rigar liman shimfiɗe a tebur, ko zare ɗaya bai hau ba. In Juma'ar naɗin ta riske ta a haka, ba mai sake kawo mata ko ɗinkin hula.

Ta rungumi akwatin kwamfutar a bayan zemijan, wato acaba, har garin Abomey-Calavi, wurin Karimou mai gyara. Ya buɗe, ya hura ƙura, ya girgiza kai.

"Hajiya, hanya biyu ce. Sabon Windows ba zai hau wannan tsohuwa ba, sai kin sake ordinata, wato kwamfutar kanta. Linux zai hau yau ɗin nan, kyauta, kuma zan ceto miki zanen. Amma fa ba ya shiri da injinki."

"To sa min Windows na jabun, irin wanda kowa ke sawa."

"Shi ya kwaso miki cutar da ta kashe ta. Kuma ko na gaske na sa, manhajar surfanin ba ta buɗewa sai da lambar da Malam Kassoum ya riƙe."

Kassoum kuwa, Allah ya jiƙansa, mutum ne da ko inda ya ajiye makullin ɗaki ba ya faɗa. Hankalin Mamata ya tashi. Ta yi kuka a gaban mutumin da ta girma nesa ba kusa ba, ba ta ma ji kunya ba.

"Sa na kyautar," in ji ta. "In dai zan ga zanen."

Ta gan shi kuwa, tsaf yadda mai shi ya bar shi. Da ta koma shago ta lulluɓe injin da mayafi, ta manna siririyar takarda a gilashin kwamfutar, ta bi layin da fensir. Sannan ta ɗauko allurar da rabonta da ita tun zuwan injin.

Alhamis da la'asar ƙanen liman ya yi sallama.

"Hajiya, an gama?"

Ba ta ɗago ba. Tana naɗe yatsanta da ƙyalle don kada jini ya taɓa farar shadda.

"Ka dawo da safe."

Rabin wuya kaɗai ta yi, ƙirjin rigar gaba ɗaya yana jiranta.