Gurasa a Kan Dutse

Karo na uku ke nan cikin mako guda da beyar ɗin nan ta shigo sansanin da rana tsaka. Babu gudu, babu ɓoyo. Ta ratso tsakanin tantuna tana rangaji, jar ƙatuwa mai gashi buzu-buzu, ɗanta na bin ta a baya, ta shinshina tayar motar baƙi, sannan ta zagaya bayan madafa kamar mai zuwa gidan ƙawarta. Abin da ya tsaya wa Yawar a rai ke nan, wato ta san hanya.

Shekararsa tara yana gadin gandun daji a kan wannan tudu, tafiyar rabin yini a mota daga garin Skardu, inda babu bishiya ko ɗaya, babu lantarki, babu famfo, sai ciyawa da rafi mai sanyin tsiya da tantuna goma sha biyu. Ya san halin dabbobin nan ciki da bai. Beyar ba ta ƙaunar warin mutum. In ka ga ta daina tsoro, to wani ne yake ba ta abinci. Kuma wadda ta saba da abincin mutane, wata rana mutum za ta taɓa, daga nan sai bindiga.

Da ya kai rahoto ta oba-oba, babbansu na ofis bai ja magana ba. "Ka nemo min mai wannan aikin. Ko wane ne, zai bar gandun nan, ba kuma zai sake takowa ba."

To, Yawar mutum ne da in zargi ya shige shi, ko inuwarsa ba ta tsira ba. Ya fara da baƙi. Wasu ɗalibai ne huɗu daga birnin Lahor, masu kyamarori da surutu, irin waɗanda za su iya miƙa wa zaki biskit don su samu hoto. Ya sa suka zazzage jakunkunansu a kan ciyawa. Ya ƙirga gwangwanayen kifinsu, ya shinshina bargunansu, har macen cikinsu ta tambaye shi ko safar ma zai duba. Ya duba ɗin. Bai samu komai ba. Ya koma kan direbobi, su ma ya bi su da harara kwana biyu, har suka daina kiransa shan shayi.

"Kai dai za ka kashe kanka," in ji Kawu Rozi, tsohon da ke dafa abincin sansanin, yana tura masa kofin shayin gishiri da man shanu. "Sha, ko fuskar nan ta saki. Tun kana yaro haka kake, in akuya ta yi tari sai ka ce da kai take."

Kawu Rozi wan mahaifiyarsa ne, shi ya riƙe shi tun rasuwar ubansa, kuma bazara talatin da ɗaya ke nan yana hawowa tudun nan da tukwanensa da zarar ƙanƙara ta narke. Dokar sansani ita ce duk sauran abinci a zuba a duro, a yayyafa kananzir a ƙone, a binne tokar. Kullum safiya Yawar yana ganin hayaƙin duron yana tashi, don haka ta wannan gefen hankalinsa a kwance yake.

Sai ya rage mutum ɗaya. Can ƙetaren rafi akwai Lal Din, makiyayi Bagujjare, wato ɗan wata ƙabilar makiyaya ta yankin, da iyalinsa da awaki kusan ɗari biyu, yana da takardar izinin kiwo ta wata uku. Dama Yawar bai taɓa yarda da makiyaya ba. Ya ji ana cewa wasu kan jefa wa beyar mushe nesa da garke don ta ƙoshi ta ƙyale musu dabbobi. Ranar da ya haye wurinsu, ya tarar da fatar ɗan akuya a shanye a kan igiyar tanti.

"Ina naman?"

"Mun cinye, mai gida. Karyewa ya yi, muka yanka."

"Ƙasusuwan fa? Kayan cikin fa?"

Lal Din ya dube shi, ya dubi karnukansa guda uku da ke kwance. "Tambaye su."

Wannan amsa ce ta ƙona wa Yawar rai. Yana dawowa ya ɗauki oba-oba ya ba da sunan mutumin, da cewa yana da tabbaci. Wallahi ba shi da wani tabbaci, haushi ne kawai. Aka ce masa jibi da hantsi mota za ta zo, a karɓe takardar, a kora garken ƙasa. Tsakiyar bazara, duk makiyayar kwari an riga an rabe ta, kowa ya san abin da hakan ke nufi ga mai awaki ɗari biyu. Bai faɗa wa kawunsa ba.

Amma zuciyarsa ta ƙi kwanciya. In mushen Lal Din ne ke jawo ta, me ya sa take zagayawa bayan madafa, ba ƙetaren rafi ba? Da la'asar ya bi sawunta. Taku ɗari uku daga sansani akwai wani dutse mai faɗin kai, tsayinsa ya kai kafaɗar mutum, gefensa duk kartar farce. Ya leƙa samansa, ya ga ɓurɓushi. Ya dangwala ya kai baki. Gurasa ce.

Ya ɗebo toka a bokiti, ya tankaɗe ta a ƙasa kewaye da dutsen, ya koma bai ce wa kowa uffan ba.

Washegari bayan sallar asuba, da gari ya yi haske, ya je. Ga guntayen gurasa an jera su a kan dutse, tsaf, babu wanda ya taɓa ƙasa. Ga kuma sawu a kan toka, takalmin roba, ƙafar hagu da faci a dunduniya. Yawar ya daɗe a tsugune. Shi da kansa ya liƙe wa kawunsa facin nan da wuƙa mai zafi.

Ya sami tsohon yana hura wuta a ƙarƙashin tukunya.

"Kawu, me kake ƙonawa a duron nan?"

"Abin da aka ce a ƙona. Shinkafa, ƙashi, ɓawon albasa."

"Gurasa fa?"

Tsohon bai ɗago ba. Ya gyara itace, ya sake gyarawa. "Wa ya taɓa ƙona gurasa? Ni da na ga shekarar da uwarka ta tauna fatar takalmi saboda yunwa, ni zan zuba wa gurasa kananzir? 'Yan birnin nan sai su gutsiri baki ɗaya su yar. Ina tsincewa in sumbace ta in ɗora a wuri mai tsayi, yadda aka koya mana. Na tsuntsaye ne."

"Tsuntsun da ke cin ta yana da farce kamar lauje, Kawu."

"Na gani," in ji tsohon a hankali. "Bana ne beyar ta gano wurin. Kullum sai in ce gobe zan daina, in na ɗauko guntun sai hannuna ya ƙi."

Yawar ya zauna a kan buhun gari. Tsoro ya kama shi, da kunya, don ya riga ya ji abin da zuciyarsa ke raya masa. Daga yau a daina, shi ke nan. Mota ta zo gobe ta kori makiyayi, beyar ta gaji ta bar zuwa, kowa ya ce ai ga shi an kama mai laifi. Wa zai sani? Har ya fara faɗa.

"Ba komai. Ka bari kawai daga yau. An riga an rufe maganar."

"An rufe ta yaya?"

"Na ba su suna."

Sai a lokacin Kawu Rozi ya ɗago ya dube shi. "Sunan wa?"

Yawar ya kalli ƙetaren rafi, inda awaki suka fara bazuwa a kan ciyawa, matar Lal Din na tafe da tulun madara a ka. Tsohon ya bi inda yake kallo, ya gane.

Tsohon ya goge hannu a rigarsa, ya miƙe da ƙyar, ya shiga tantin ma'aikata. Ya fito riƙe da oba-oba, yana juya ta sama da ƙasa, don bai taɓa amfani da ita ba.

"Kawu, ka tsaya. Za su sauke ka. Ba za ka sake hawowa ba."

"Na ji. Ina ake dannawa?"

"Ka bari in yi tunani tukuna."

"Tunaninka ne ya kai mu nan, ɗan nan. Yatsuna ba su da ƙarfi, kai za ka danne min."

Yawar ya karɓa. Ya kira ofis, aka amsa, ya danne maɓallin ya kai ta bakin tsohon. Kawu Rozi ya yi gyaran murya, ya yi sallama, ya tambayi lafiyar Yallaɓai da ta iyali, ɗaya bayan ɗaya kamar yadda ya saba. Sannan ya faɗi sunansa da sunan ubansa da na ƙauyensu, ya ce gurasarsa ce ke jawo beyar, ba makiyayi ba, kuma motar goben ta zo da igiya, saboda tukwanensa suna da yawa.