Gwangwani a Gefen Murhu

Kwana arba'in da binne Fawzi, katafilar masu faɗaɗa hanya ta hauro ƙauyensu na kan duwatsun Labanan, ta tumɓuke itacen za'arur ɗin da ke ƙofar gidansa. Ba wani babban itace ba ne. Bai fi tsayin mutum ba, ga ƙaya, jajayen 'ya'yansa kuwa ba mai ci sai tsuntsaye. Ado ne kawai. Amma Fawzi ne ya raine shi tun daga ƙwaya, kuma duk ƙauyen babu mai irinsa.

A gaban idon matarsa Wadad aka yi, tana tsaye a baranda. Tun ranar jana'iza abin duniya ya daina taɓa ta, ko gishiri ba ta ji a abinci. Da katafila ta wuce sai ta sauko, ta tsince 'ya'yan da ba a murƙushe ba, ta zuba a aljihu.

Ta wanke su, ta fitar da ƙwayoyi goma sha ɗaya, ta shuka a gwangwanin man zaitun. Abin da ya rage na itacen ke nan a duniya, ta kuwa san da haka. Da dusar ƙanƙara ta fara sauka, sai ta jawo gwangwanin gefen murhun ɗumama ɗaki. Kullum da safe ta yayyafa masa ruwan ɗumi, ta lulluɓe shi da tsohuwar rigar sanyin Fawzi, ta zauna. Ba ta sa rai ba, ba ta kuma fid da rai ba. Zama kawai take yi, ita da gwangwani, har wata biyar.

Ƙanƙara ta narke, itatuwan tuffa suka yi fure. Gwangwani shiru.

Ran nan sai ga Abu Kamil, tsohon abokin Fawzi, ya kawo mata cuku. Mutum ne da bakinsa kan riga hankalinsa fita. Ya ɗaga rigar sanyin ya leƙa, ya kira ta da sunan ɗanta.

"Uwar Basil, me kike dafawa a nan?"

"Za'arur ɗinsa ne."

"A gefen wuta? Haba! Ai sai ki sa masa albasa mu ci da burodi. Wannan iri ba ya farkawa sai ƙanƙara ta danne shi wata uku. Ba ki ga mijinki yana jera gwangwanaye a kan rufi ba?"

Ta gani mana. Shekara talatin tana gani, tana yi masa faɗa a kan ya mai da rufin gidanta juji. Ita ta ɗauka lalaci ne. Shi kuma, da yake Allah ya yi shi mutum mai rowar magana, sai dai ya yi murmushi ya ci gaba da shan gahawarsa.

"Sun mutu?" ta tambaya, kamar mai tambayar ƙarfe nawa.

Abu Kamil ya daina dariya. Ya juye ƙasar a kan jarida, ya yi ta tonawa da yatsa. Duk ƙwayar da ya matsa sai ta fashe, baƙa, ta ruɓe. Wadad tana kallo har ya matse ta ƙarshe. Ta jira ta ji wani abu a ƙirjinta, ba ta ji ba.

"Ba laifinki ba ne," in ji shi, yana goge hannu a wando. "Laifinsa ne, Allah ya jiƙansa. Tun wancan karon na ce ya gaya miki."

"Wane karon?"

"Shekarar da kuka yi aure mana. Da ya tafi Bairut, kika ji tausayin gwangwanayensa, kika sauko da su ɗaki. Irin da ya kwaso daga gonar mahaifinsa ne, kafin a sayar. Ko ɗaya bai fito ba."

"Cewa ya yi irin ne ba kyau."

"Haka ya ce in ce ni ma. Wai tun da uwarsa ta rasu ba wanda ya taɓa jiye wa kayansa sanyi sai ke, ba zai ɓata miki ba."

Wadad ta miƙe don ta ɗora masa gahawa. Ta ɗauko kofi biyu, ta tsaya da su a hannu, ta rasa inda ake ajiyewa.